Katin da Ke Cikin Ƙanƙara

Ranar da kamfanin katin bashi ya yarda mu biya dala dubu huɗu ya yafe mana sauran dubu bakwai, ina ajiye waya na kurma ihu har karen maƙwabta ya amsa. Ni da mijina Lonnie muka hau rawa a falo, muna tattaka takardun kuɗin wuta da na ruwa.

"Rochelle, yau sai gasasshen nama a gidan abinci!" in ji shi.

"Da kuɗin wa?"

Sai ya nufi kicin. Wata takwas ke nan da na jefa kati cikin kwanon ruwa na cusa a firiza, yadda gwaggona Verna ta koya mini, wai kafin ƙanƙarar ta narke kwaɗayin saye ya wuce. Kullum sai Lonnie ya buɗe firizar ya gaishe shi.

Na tarar da shi yana hura wa ƙanƙarar na'urar busar da gashina, ruwa na bin hannunsa.

"Sau ɗaya tak, ranki ya daɗe!"

Na harɗe hannu na ƙyale shi. Ƙanƙara ta tsage, ya zaro kati, ya goge a riga, ya ƙura masa ido.

"Wannan ai na laburare ne!"

"Na bashin tun ranar na datse shi da almakashi."

Dariya ta kayar da ni ƙasa.

"Wata takwas ina gaida katin laburare?" in ji Lonnie.

"Yana aiki kuwa. Je ka aro mana littafin girki, wake za mu ci."