Ranar da Aka Naɗa Nélida Uwar Ƙungiya

A watan da Nélida Barrionuevo ta ƙi sa hannu a rahoton lemon tsami, a watan ne ƙungiya ta tuna cewa matar nan ta daɗe tana yi wa kimiyya hidima.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Kamfanin da take yi wa aiki a Tucumán, can arewacin ƙasar, yakan fesa sabon maganin ƙwari a gonar gwaji, a tsinko lemon, a daskarar da shi a firiza, daga baya a auna abin da ya rage na maganin a ɓawo da ruwa. Ita ba ta feshi, ba ta awo. Tsayawa take a bayan masu yi tana kallo, a ƙarshe ta sa hannu cewa an bi ƙa'ida. In babu hannun irinta, hukuma ko buɗe rahoton ba ta yi. Kamfanoni kuma ba sa ba kowa wannan aiki sai mai shaidar Ƙungiyar Masu Duba Ingancin Bincike.

A wani ƙarshen mako aka ɗauke wuta, janareta shi ma ya ga damar hutawa. Da ta buɗe firiza ranar Litinin, sanyi na nan daram, sai dai lemon ya manne da juna, kuma a gindin kowace leda ruwan rawaya ya taru ya ƙanƙare. Lemon da bai taɓa narkewa ba, ba ya zubar da ruwa. Maganin kuwa zafi na cin sa, don haka duk awon da aka yi bayan nan zai nuna lemon ya fi yadda yake tsabta. Shugaban binciken ya ce na'urar auna sanyi ba ta nuna komai ba. Gaskiyarsa, ita ma da wutar take aiki. Nélida ta ce a sake gwajin. Sake gwaji na nufin jiran wata kakar lemon, masu maganin kuma sun riga sun buga kwalaye.

Taron shekara na ƙungiyar ya faɗo a wani otal cikin tsaunukan Córdoba. Kamar kullum, ɗaki ɗaya aka ba su ita da Griselda Aráoz, wadda suka ci jarrabawar ƙungiya tare tun gashinsu na baƙi da kansa. Griselda ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke zuƙa da bututu, ta miƙa mata, ta juya tana gyara rigar da ba ta buƙatar gyara.

"An ce ke ce ta bana, tsohuwa."

"Ta me?"

"Lambar yabo. Uwar ƙungiya za ki zama. In kin hau sama ki riƙa tunawa da mu talakawa."

Nélida ta zuƙi mate har ƙoƙon ya yi ƙara. Ƙungiyar ba ta taɓa korar kowa ba, tana ma alfahari da haka a duk jawabin buɗe taro. Karramawa take yi. Wanda aka karrama ya zama uba ko uwar ƙungiya, a yafe masa kuɗin shekara, a ajiye masa kujera a babban tebur. Iyayen ƙungiya sun fi ƙarfin shiga ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba sa sa hannu a rahoto, don bai dace a wahalar da iyaye ba. Haka aka yi wa Don Anselmo bayan ya nace cewa ɓeran gwajin da ya mutu ranar Juma'a ba zai ci abinci ranar Asabar ba, ko da rahoto ya ce ya ci. Yanzu kiwon zuma yake yi, shi ake fara yanka wa nama.

"Wa ya faɗa miki?"

"Kowa ya sani, Neli. Ke ce dai ba a faɗa wa, don kada a ɓata miki mamaki."

Washegari da hantsi Nélida ta sami shugaban ƙungiya, Dakta Osvaldo Terán, a bakin magasa yana koya wa mai gashin nama aikinsa. Mutum ne mai fara'a, mai tuna sunan 'ya'yan kowa. Shi ne kuma babban mai duba inganci a kamfanin da ya mallaki maganin, amma wannan wata hula ce daban, yakan ce a gida yake barin ta.

"Nélida, uwarmu ta gobe! Zo ki ɗanɗana wannan, ki ba mu rahoto."

"Ban tsufa ba, Dakta."

"Wa ya ce kin tsufa? Cancanta ce." Ya soki nama da cokali mai yatsu, ya duba cikinsa, ya mayar. "Ko da yake kwamiti bai rufe magana ba. Akwai Doña Eulogia da ƙafa ta dame ta, ita da kanta take roƙon hutu. Allon tagullar lambar yabon na cikin mota, ba a zana suna ba tukuna. Mai zanen yana da sauri."

"Lemon ya narke, Osvaldo."

"Ban ji ba, ƙanwata. Yau hular ƙungiya ce a kaina." Ya yi murmushi. "Na dai ji an ce akwai wani aiki da ya tsaya a arewa. In ya tashi kafin gobe, waya ɗaya ta isa. Tunani ba laifi ba ne."

Ta yi tunanin kuwa. Ta zauna a zaman rana ana lacca kan muhimmancin 'yancin mai duba inganci, mai laccar na nuna hotuna, jama'a na gyangyaɗi. Ta yi tunanin abin da mace mai shekarunta za ta yi a Tucumán in ba ta da hannun da ake buƙata. Ba ta iya kiwon zuma ba. Ta fito da wayarta, ta duba lambar shugaban binciken, ta mayar da ita jaka. Ba jarumta ba ce, ita ma ta sani. Duk lokacin da ta yi niyyar dannawa sai ta ga rawayar ƙanƙarar nan.

A walimar rana ta biyu aka kira sunanta. An zana shi daidai a allon tagullar, har da ɗigon da ke kan harafi. Terán ya sumbace ta a kunci, ya miƙa mata makirufo don ta gode.

Ba ta gode ba. Ta faɗi kamfanin, ta faɗi firiza, ta faɗi wutar da aka ɗauke da ruwan da ya taru a gindin leda. A hankali ta yi magana, yadda take karanta rahoto. Zauren cike yake da mutanen da sana'arsu ke nan, lura da abin da bai yi daidai ba.

Sai Terán ya fashe da dariya ya dafa kafaɗarta.

"Kun gani ko? Ko a ranar bikinta sai ta rubuta mana laifi. Nélida ke nan. Za mu yi kewar wannan."

Dariyar ta bazu, da farko daga tebur na gaba, sannan ko'ina, da sauƙin rai irin na mutanen da aka nuna wa ƙofar fita. Aka miƙe tsaye ana tafi. Masu kiɗa suka shigo, aka kawo kayan zaƙi.

Da yamma tana haɗa akwati Griselda ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta cire takalmi.

"Sun ce ni zan ƙarasa aikin da kika bari. Litinin zan sauka Tucumán."

"Firiza ta ƙarshe ce, kusa da taga. Ki ɗaga ledojin, ki duba gindinsu."

"Osvaldo ya ce an zuba lemon a sabbin ledoji. Tsofaffin sun yi datti." Griselda ta murza yatsun ƙafarta, idonta a kan tabarmar ɗaki. "Kin san ni, Neli, ban taɓa rubuta ƙarya ba. Abin da na gani shi zan rubuta."

"Na sani," in ji Nélida.

Allon tagullar ya ƙi shiga akwati. Ta juya shi ta kowane gefe, a ƙarshe ta rungume shi a ƙirji ta sauka jiran mota, duk wanda ta haɗu da shi a matakala yana yi mata barka.