Fuskar da Aka Zaɓar wa Auta

Auta ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, tana goye aka yi rasuwar. Hoto ɗaya ya rage a gidan, shi ma ruwa ya shiga akwati ya cinye shi daga goshi zuwa haɓa. Ga ɗankwali, ga hannaye, fuska babu.

Yayanta, direban babbar mota, shi ya kai hoton shagon gyara. Ya dawo da shi cikin gilashi, fes, mace kyakkyawa tana murmushi.

"Yaya, ita ce?"

"Ita ce mana. Ga hancinki nan sak."

Auta ta rataye shi saman keken ɗinkinta. Duk wadda ta kawo ɗinki sai an nuna mata. Da safe har gaishe shi take yi.

Ana nan Inna, ƙanwar mahaifiyarsu, ta zo ganin likita ta sauka a wurinta. Ta gyara tabarau, ta ƙura wa bangon ido.

"Ke Auta, wace 'yar fim ce kika liƙa mana nan?"

"Haba Inna, yayarki ce fa!"

"Yayata? Da ɗankwalinta dai. Yayata wushirya gare ta, idonta na hagu kuma a ɗan kanne yake. Wannan ko a hanya ban taɓa gamuwa da ita ba."

Auta ta sauke hoton ta nufi shagon. Mai gyaran bai yi musu ba. Ya buɗe kwamfuta ya ɗora hoton wani dattijo don ya gwada mata, na'ura ta sa jan layi ta zagaye duk wani karce da tabo.

"Ƙaramin karce, daga gefensa take cikewa," in ji shi. "Inda komai ya goge kuwa, kintace take yi. Fuska uku ta fitar. Na faɗa wa yayanki babu ta gaskiya a ciki. Ya ce a buga ta tsakiya, ai ba ki san ta ba."

Ta sami Yaya a ƙofar gida yana wanke hannu da omo, duk baƙin mai.

"Ka ce min ita ce."

"To me ya ragu a jikinki? Ba daɗi kika ji ba?"

"Kai ka rayu da ita, ni ban rayu ba. Shi ya sa na tambaye ka."

"Auta, kullum kina kuka a kan takarda mai tabo. Tausayinki na ji."

Abin da ya kira tausayi, ƙarya ce sunansa. Wanda ba shi da hanyar bincika magana, shi ya fi cancanta a faɗa masa gaskiya.

"Ba ni na asalin," ta ce.

Ya ci gaba da murza yatsunsa.

"Yaya, ina na asalin?"

"Wari yake yi. Tunda an sami sabo, na zubar. Mai shagon ma na ce ya goge nasa na kwamfuta."

Auta ta juya masa baya. Ta koma ɗaki ta zauna gaban Inna.

"Inna, faɗa min kamanninta. Daga goshi."

Inna ta fara siffantawa a hankali. Auta ta runtse ido don ta gani. Baƙuwar nan ta cikin gilashi ce ta zo mata, haƙoranta a jere, tana murmushi.