Darma a Gindin Jita

A ƙungiyarmu mai ganga kaɗai ke zama. Sauranmu a tsaye muke kiɗa, tun muna samari a kulob ɗin masunta na garin Hull. Duk wanda aka ɗora wa kujera a dandamali, sallama ce ake yi masa a hankali. Na ga an yi wa wasu.

Bara kafaɗata ta hagu ta gaza. Jitata ta lantarki, wadda na saya da ladan fitata teku ta farko, nauyinta laba goma ne cif. Wata Lahadi da yamma ana tsakiyar rawa hannuna ya mutu. Des Holroyd, mai gangarmu, ya gani.

"Wilf, akwai kujera a sito," in ji shi bayan an tashi. "Har da matashi."

"Riƙe abarka. Kai da aka haifa a zaune."

"Ni dai na faɗa maka. Rawar tunawa da waɗanda teku ta ci tana tafe. In ƙafa da kafaɗa ba za su kai ka ƙarshe ba, ko kujera ko surukina ya karɓe ka."

Washegari na ɗauko sikelina mai ƙugiya, wanda muke auna kifi da shi, na shiga neman jita marar nauyi. Tsohuwa nake so, katako zalla, wanda ya daɗe ya bushe. Na je Leeds, na je Doncaster. Kowane shago sai in rataya jita a ƙugiya, in duba, in mayar. Wani mai shago ya nuna mini sabuwa da aka rarake cikinta don ta yi sauƙi. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa. Akwatin banza.

A Goole na same ta, wurin wata mata, Glenys Thackray, da ke sayar da kayan kiɗan marigayi mijinta. Jitar ja ce da ta koɗe, siririya, fentin ya goge inda hannu ke gugarsa. Laba shida da rabi.

"Ba za ka rataya ta a kafaɗa ka ji ba, malam? Ga maratayi can."

"Sikeli ba ya ƙarya."

"Haka mijina ma ya ce," in ji ta. "Sha shayinka kar ya huce."

Na biya, na kamo hanya.

A gida na rataya ta a kafaɗa, na saki hannu. Wuyanta ya sunkuya ƙasa kamar jirgin da ruwa ya shiga ta gaba. Na ɗago, ya sake faɗuwa. Jikin ya yi sauƙi har ba ya iya riƙe kan. Dole hannun hagu ya tallafe wuya yana kuma kiɗa. Kafin in gama waƙa ɗaya, ciwon kafaɗar ya fi na da.

Na jingine ta a bango, na daɗe ina kallonta. Ban yi fushi da matar ba, ai ta ce in gwada. Abin da na tuna shi ne, ba mu taɓa barin tasha da jirgi fayau ba. In babu kaya sai a zuba masa nauyi a ƙasa, in ba haka ba igiyar ruwa ta farko ta kifar da shi.

Na shiga rumfar bayan gida na ɗauko darmar fatsa guda biyu. Na ɗinke su cikin guntun fata, na ɗaure a ƙarshen maratayi, wajen gindin jitar. Wata da watanni ina gudun nauyi, ga ni ina ƙara shi da hannuna. Na rataya, na saki. Ta tsaya daram.

Ranar rawar na tarar Des ya riga ya ajiye kujera a gefen dandamali.

"Mene ne wannan ke lilo a ƙugunka, tsoho? Laya?"

"Buga gangarka."

Muka yi kiɗa har aka karanta sunayen jiragen da ba su dawo ba, muka ɗora da waƙar ƙarshe. Kafaɗar ta yi magana, amma ba ta yi ihu ba.

Da muka gama na cire kwat ɗina na rataya a bayan kujerar. Des bai mayar da ita sito ba. Ni ma ban ce ya mayar ba.