Kar Ki Buɗe, Griselda

"Jami'an shige da fice ne. A buɗe ƙofar nan yanzu."

Bugu uku masu ƙarfi, har tukunyar hannuna ta kusa suɓucewa. Na leƙa ta ramin ƙofata daidai lokacin da Griselda, wadda ɗakinta ke kallon nawa, ta zare sakata ta wangale tata, hannunta duk ƙullun masara, har da ɗan murmushinta na tarbar baƙi.

Babu jami'i ko ɗaya. Iya Eufemia ce tsaye da sandarta, ta ƙaƙalo muryar maza.

"Sau bakwai ke nan, 'yar nan. Da su ne, da yanzu kina cikin mota, 'ya'yanki su dawo daga makaranta su tarar wake na ƙonewa."

Iya Eufemia ta haura tamanin, kuma a duk benenmu na Houston ita kaɗai ce takardunta na zama a Amurka suka cika. Tun da wata lauya ta zo coci ta raba mana jan kati mai ɗauke da haƙƙoƙinmu, wanda ake tura wa jami'ai ta ƙarƙashin ƙofa, tsohuwar ta samu aiki. Ta haddace darasin tas: kar a buɗe, a ce su turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, in babu sa hannun alƙali babu shiga, kar a amsa tambaya, kar a sa hannu a komai. Sai ta riƙa bin ɗakuna tana gwada mu ba zato. Wanda ya buɗe, hukuncinsa ya wuni yana naɗa mata tamale, wani abinci mai kama da alala, a ganyen masara. Tiburcio mai fenti sau ɗaya ya faɗi, ya ce gara a kama shi da ya sake zama da ita tana kushe naɗinsa.

Griselda ce ta gagara. A ƙauyensu na Honduras, in ji ta, barin mutum tsaye a bakin ƙofa abin kunya ne da har jikoki sai an goranta musu. Da ta ji bugu, ƙafarta ke riga kanta isa.

A watan Afrilu asibiti suka sallamo Iya, suka ce zuciyar ta gaji, a kai ta gida ta huta. Duk mun gane. Griselda ta koma ɗakin Iya tana jinyarta, ni ina kawo romo. Ko a kwance ba ta bar mu ba. Da sandar take ƙwanƙwasa jikin gado, ta ga wa zai zabura.

Ranar Laraba da la'asar aka buga ƙofar Iya. Muryar namiji, wadda ba mu sani ba. Griselda ta miƙe, ta kai har sakata, sai ta tsaya cak. Ta ɓoye hannunta a hammata kamar mai tsoron kada ya yi mata gardama.

"Waye?"

Ya ce shi Fada Crispín ne, sabon limamin coci, an aiko shi ya yi wa mara lafiya addu'ar ƙarshe. Griselda ta ce kowa ma zai iya faɗin haka, ya turo takarda. Bawan Allah ya yi ta lallashi, ya ambaci sunan coci, har ya fara jan addu'a don a yarda. Ta ce muryar dai ta yi kama, amma takarda. Can sai ga ɗan katin addu'a ya sulalo ta ƙasa. Ta juya shi gaba da baya.

"Babu sa hannun alƙali, Malam."

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Da ta samu numfashi ta yafito Griselda ta kama hannunta.

"Kin ci, 'yar nan. Yanzu ki buɗe masa, kar in tafi babu addu'a saboda taurin kanki."

Fada ya shigo yana share gumi, ya ce bai taɓa ganin gida irin wannan ba. Tiburcio, da ya leƙo daga baya, ya ce ai ya yi sa'a ba a sa shi naɗin tamale ba.

Washegari da hantsi Iya ta cika, Griselda na taje mata kai.

Muka fara addu'ar kwana tara a ɗakin Iya, yadda aka saba. A garuruwanmu ƙofa a buɗe ake barin ta har a gama, amma Griselda ta ce a'a, mai ɗakin ba za ta so ba. Kowa ya zo sai ya faɗi sunansa. Kullum akwai kofi da burodi mai zaƙi, kuma rabin zaman labarin Fada ake maimaitawa ana dariya.

A rana ta shida, ana tsakiyar addu'a, aka yi bugu uku. Ta ƙarƙashin ƙofa muka hango baƙaƙen takalma ƙafa huɗu, manya, masu sheƙi. 'Ya'yan Griselda suka maƙale a jikina.

Griselda ta ajiye butar kofi a hankali. Ta wuce sandar Iya da ke jingine a bango, ta durƙusa, ta zaro jan katin daga rigarta, ta tura shi waje da yatsa ɗaya.

Sakatar tana nan yadda take.