Kunkurun Kwali

Tun ranar da mota ta kife da Autarmu da kakarta, yarinyar nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Kakar ta rasu a wurin. Auta ta fito ko ƙwarzane babu, sai dai bakin ya rufe. Likita ya leƙa maƙogwaro, ya leƙa kunne, ya ce lafiya lau, mu yi haƙuri. Haƙuri! Shi da 'ya'yansa ke cika masa kunne da surutu.

Wata Asabar muna hanyar ƙauye, tsohuwar motar maigidana ta yi zafi, muka tsaya a bakin wani tafki don ya ɗebo ruwa. Akwai wani kututture a cikin ruwan, a kansa kififiya, kunkurun ruwa, ta miƙe wuya tana shan hantsi. Auta ta nuna ta da yatsa ta ce, "Ga ta."

Galan ɗin ya suɓuce daga hannun babanta. Ni kuwa na zauna daɓas a cikin taɓo.

Daga ranar muka zama 'yan tafki. Duk Asabar sai mu shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, mu zura wa kututturen nan ido. Mun ga zalɓe yana tsayuwar ƙafa ɗaya, mun ga balbelu, mun ga kwaɗi har na fara gane su da fuska. Babanta yakan yi ta zuba kamar rediyo: "Auta, kin ga wancan tsuntsun? Me sunansa ma?" Ta dube shi, ta mai da ido kan ruwa. Kififiya dai ko ƙeyarta. Ruwan kuma kullum ja da baya yake yi, ni kuma ina jin kamar muryar 'yata ce ke ƙafewa tare da shi.

Ran nan muna shirin fita ya ja ni bayan mota ya buɗe but. Ga kwali, a ciki ga wata halitta mai ƙoƙon baya ta noƙe kai.

"Baban Auta, mene ne wannan?"

"Ita ce mana. A kasuwa na samo."

"Ka tabbata irinta ce? Waccan fa kamar bayanta a shafe yake."

"Haba, ke ma dai. Duk ba ƙoƙo ne a bayansu ba?"

Mutumin nan gyaran firiji ya sani, a birni aka haife shi, ban taɓa ganin ya riƙe ko kaza ba. Raina bai kwanta ba, amma na biye masa. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da muka isa na zaunar da Auta ta ba wa ruwan baya, ina gyara mata kitson da ba abin da ya same shi. Shi kuma ya zagaya ta cikin ciyawa, wando a naɗe, ya ɗora abin a kan kututture, ya dawo yana haki.

"Auta! Auta, duba! Wa nake gani can?"

Ta juya. Na riƙe numfashi ina kallon leɓɓanta, ina roƙon Allah a zuci, ko kalma ɗaya, ko rabin kalma. Ta daɗe tana kallo. Fuskarta ba ta motsa ba.

Abin ya fito da kai, ya taka, ya sake takawa, sai ya zame ya faɗa ruwa. Na zaci zai yi iyo ya wuce. Ina! Ya yi ta wutsil-wutsil da gajerun ƙafafu, ya karkace, kan ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. A nan na gane kunkurun tudu ne muka jefa a ruwa.

Auta ta miƙe tsaye. Bakinta ya buɗe, wuyanta ya ɗaure, jijiyoyi suka fito, amma babu sauti. Ta kama zanena tana jijjigawa. Wallahi na ga lokacin da babanta ya yi jinkiri, ya tsaya yana kallon bakinta, yana jira ko tsoro zai fito da maganar. Ni ma na jira, Allah ya yafe mana. Sai da na ga idanunta sun juye sannan na daka masa tsawa.

"Me kake jira? Ciro shi!"

Ya faɗa ruwan da takalmansa, ya yi ta lalube a cikin taɓo har ya cafko shi. Auta ta fizge kunkurun, ta naɗe shi a gefen rigarta, ta wuce mota ta zauna a baya. Ko kallonmu ba ta yi ba.

Muka kama hanya. Taɓo na ɗiga daga wandonsa, ni ina kuka a ɓoye, na tabbata mun ƙarasa rufe bakin da muke son buɗewa. Can sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa daga kujerar baya. Na dafa hannunsa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Muryar ta dushe, amma tata ce. Da kunkurun take magana.

"Yi shiru, ka fito ai. Ka ji tsoro, ko? Ni ma na yi ta kira, na yi ta kira. Kaka ba ta amsa ba. Ba wanda ya zo."

Babanta ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Na sa hannu na toshe masa baki don kada ta ji ta daina.