Daga Kanta Zuwa Bakin Ƙofa

Tun daga gida har bakin shagon kayan gini na Gordy Halvorsen, Reino bai ce wa matarsa uffan ba, ita ma Marlys ba ta tanka masa ba. Abin faɗa an gama faɗarsa jiya a wurin likita. Likitar ta haska musu hoton ƙirjin Reino, ta bi fararen ɗigo-ɗigon da suka cika huhunsa da bakin biro, ta ce wannan ƙurar tayil ce ta shekara talatin, kuma babu maganin da zai fitar da ita. Wadda ta shiga ta shiga ke nan, abin da ya rage kada a ƙara. In ya sake yanka tayil a bushe, in ji ta, to ya fara shirin yawo da tukunyar iska a duk inda za shi.

Reino Salmela ba jahili ba ne, ya san ruwa ke kwantar da ƙura. Suna ma da tsohon zarton ruwa, injin yanka tayil mai zuba ruwa, a gareji. Amma abin nan feshi yake yi ta ko'ina, babu mai gidan da zai yarda a shigar masa da shi ɗaki, sai dai a kafa shi a waje. A garinsu Duluth kuwa, cikin watan Janairu, ka kafa shi a waje ka juya ɗauko tayil, kafin ka dawo ruwan ya daskare ya zama dutse. Shi ya sa duk lokacin sanyi sai Reino ya ɗauki ƙaramin injin hannu, ya kulle kansa a banɗakin mutane, ya yi ta yanka a bushe har ya fito fari fat, gira da gashin baki duka. Takunkumi kuwa a wuya yake rataye shi, wai yana sa tabaransa hazo. Taurin kai dai, ba wani abu ba.

Yau Marlys ta rantse ba za su koma gida ba sai da zarton da za a iya shiga ɗaki da shi. Ranar Litinin aiki na jiransu a wani gida can kan tudu, banɗaki a hawa na uku.

Gordy na ganinsu ya ajiye kofin kofi, ya taso da tumbinsa. Shekara ashirin suna sayen kaya a hannunsa.

"Ga mutanen tayil. Marlys, har yanzu ba ki rabu da tsohon nan ba?"

"Na kai shi kasuwa, ba a taya ba," in ji ta. Amma ba ta yi dariya ba, Gordy kuma ya lura.

Reino bai tsaya gaisuwa ba. Ya wuce kai tsaye layin zartuna, ya wuce manyan kamar bai gan su ba, ya dafa wani ɗan ƙarami a ƙarshen layi, wanda faifan yankansa ke leƙowa daga ƙasan teburi.

"Wannan za ka ba ni."

Gordy ya dube shi, ya dubi injin. "Wannan? Haba mutumina. Ai na masu gyaran kicin ɗinsu ne ranar Asabar. Jiya ma wata malamar makaranta ta sayi irinsa."

"Yana da ruwa ko ba shi da shi?"

"Yana da ruwa."

"To ruwa aka ce in nema. Naɗe min."

Marlys ta juya ta fita cikin sanyi, ta buɗe bayan a-kori-kurarsu, ta zaro tayil ɗaya daga cikin na aikin Litinin, mai inci ashirin da huɗu kowane gefe, mai taurin tsiya. Ta shigo da shi rungume, ta ɗora a kan ƙaramin injin. Tayil ɗin ya rufe teburin ruf, ya yi saura ta ko'ina, ya fara rinjaya sai da ta tare shi da cinya.

"Bismillah," ta ce. "Nuna min yadda za ka yanka."

"Marlys, muna gaban mutane."

"Gordy ne mutane? Nuna min."

Ya kau da kai. Ita kuwa a ganinta ta gama karanta shi. Zai sayi wannan abin wasan yara ne don ya toshe mata baki, ranar Litinin ya ce ai kin gani bai yi ba, ya koma wa injin hannunsa ya kulle ƙofa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Ni za ka yi wa wayo, Reino? Shekara talatin da ɗaya ina durƙushe ina manna abin da ka yanko, ban san girman tayil ba? So kake ka bar ni ni kaɗai a gidan nan saboda rowa?"

"Ba maganar kuɗi ba ce."

"To ta mece ce?"

Ya hau murza hularsa a hannu.

Gordy ya yi gyaran murya, ya ja su zuwa ga wani babba mai ƙafafu huɗu, don dai ya raba rigimar. Ya nuna musu tiren da ake kwantar da tayil a kai a tura shi a hankali ƙarƙashin faifai, da ɗan famfon da ke zuba ruwa daidai bakin yanka, da fukafukan roba a gefe da baya masu tare feshi su mayar da shi cikin kwano. Ya ce wannan ko a falon matar gwamna ka kafa shi, shimfiɗa leda ɗaya ta ishe ka. Ya karɓi tayil ɗin Marlys ya ɗora, ya zauna daram, har da sauran wuri.

"Shi za mu ɗauka," in ji Marlys.

"To madalla. Sai dai kun san dokar gidan nan."

Kowane mai aikin gini a garin ya san dokar. Tun zamanin mahaifin Gordy, ba a sayar wa mutum babban zarto sai ya ɗauke shi shi kaɗai daga kanta zuwa bakin ƙofa, ya dawo da shi. Tsohon ya gaji ne da masu dawo masa da inji bayan mako guda suna kukan baya. Reino kansa ya sha jingina da kantar nan yana yi wa samari tsiya in sun kasa.

Marlys ta waiwayo don ta ce masa ya cire riga a gama, sai ta ga fuskarsa. Ba fushi ba ne a cikinta. Tsoro ne, kuma ba ta taɓa ganin irinsa a fuskar mijinta ba.

Gordy ma ya gani. Ya yi saurin cewa, "Kai dai ai ba sai ka yi ba, Reino. Dokar ta baƙi ce."

Da ya yi shiru ma da ya fi. Reino ya dube shi sama da ƙasa, ya tuɓe rigar sanyinsa ya miƙa wa Marlys ba tare da ya kalle ta ba. Gordy ya kwance injin daga kan ƙafafunsa ya sauke a kanta. Nauyinsa ya kusa na buhun siminti.

Reino ya tofa yawu a tafi, ya kama hannayen biyu, ya ɗaga. Ɗagawar lafiya lau, ƙarfin damtse bai tafi ko'ina ba. Ya fara tafiya tsakanin layin fenti da na ƙusoshi. Taku biyar na farko kamar da. A na takwas Marlys ta fara jin numfashinsa, wani irin fito siriri da ke fita daga ƙirji. Wuyansa ya yi ja. Wani mai sayen igiya ya matsa gefe ya ba shi hanya, ya tsaya kallo.

"Reino, ajiye," ta ce a hankali.

Bai ajiye ba. Ya ci gaba, yana jan ƙafa, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa na hawa da sauka. Ta bi bayansa da rigar a hannu, tana son ta kama injin tana tsoron ta kama. A nan ne abubuwa suka fara dawo mata. Yadda tun watannin baya yake cewa ta yi gaba da kwalaye zai duba tayar mota. Yadda yake tsayawa a tsakiyar matakala yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ita kuma daga sama tana ƙwala masa kira, tana ce masa malalaci.

Ya kai bakin ƙofa. Ya yi ƙoƙarin juyawa, sai tari ya turnuƙe shi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya sauke injin a ƙasa da ƙara, ya dafa shi da hannu biyu yana neman iska. Leɓɓansa sun sauya launi. Gordy ya jawo bokitin fenti da gudu ya zaunar da shi, ya kora mai sayen igiyar can ciki.

Marlys ta tsuguna a gabansa. Ta jira, ta jira, sai da fiton nan ya lafa.

"Tun yaushe?"

"Tun Satumba."

"Shi ya sa ka zaɓi ƙaramin."

"Shi kaɗai zan iya hawa bene da shi." Ya goge baki da bayan hannu. "Da na yi dabara. In yanka rabi, in juya, in yanka rabi."

"Da ka fasa musu tayil goma kafin azahar, ka koma wa injin hannu." "Me ya hana ka gaya min? Ina ta zaginka, kana ji."

"In gaya miki me? Mai yanka da ba ya iya ɗaukar zartonsa?"

"Sai mu kama mu biyu."

Ya girgiza kai. "Ba injin ba ne kawai, Marlys. Ranar Laraba hannu banza na hau benen gidan kan tudun nan. Sau biyu na zauna."

Kunya ta kama ta, da tausayi, da haushin kanta. Ta shigo shagon nan da shirin yaƙi da mai taurin kai, ashe mutumin da take yaƙi da shi ya riga ya faɗi tuntuni, ita ce ba ta duba ba.

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta ɗora masa rigarsa a kafaɗa. Injin na nan yashe a bakin ƙofa ya tare hanya, kuma ba za ta bari Gordy ya zo ya ɗauke wa mijinta shi a gaban idonsa ba. Ta sunkuya ta kama, ta ɗaga. Nauyin ya ja mata baya har sai da ta cije leɓe, amma watanni huɗu ke nan ita ke hawa da kwalayen tayil. Ta taka a hankali, ta wuce fenti, ta wuce ƙusoshi, ta dire shi a kan kanta.

Gordy ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya hau goge tiren da gefen rigarsa.

Reino ya taso ya zo, yana dafa kantoci. Ya daɗe yana kallon injin, ya tura tiren gaba ya dawo da shi, ya taɓa bakin faifan da ɗan yatsa.

"Zarto ne mai kyau," ya ce. "Gordy, rage ƙafafun da inci huɗu. Ba ta kai ni tsawo ba."

"Reino, ni ban taɓa yanka ba."

"Kin gani sau dubu. Kada dai ki tura da ƙarfi, ki bar faifan ya ci da kansa. Ki yanka a gefen layi, ba a kansa ba."

"Kai kuma fa?"

Ya juya yana zura hannu cikin rigarsa. Gordy ya rage ƙafafun, ya naɗe su, shi da Marlys suka kama injin suka nufi mota. Sauran kaya ɗaya ne a kan kanta, ɗan kwalin sabon faifai, bai fi farantin abinci nauyi ba. Da ta waiwayo daga bakin ƙofa, sai ta ga Reino ya ɗauke shi da hannu biyu, yana biyo su a hankali.