Saniyar da Baba Ya Ba da Aro a Salula

A gidanmu na Belbeji kowa da wasan da yake so a salula, kuma kowa gani yake na ɗan'uwansa shirme ne. Ni Zuhaira tseren mota nake so. In na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, yaran ajina sun gama cika mini kunne, ba abin da ke wanke mini zuciya kamar in shawo kwana a guje in bar mutum a baya. Ƙanena Safiyanu na ƙwallo da harbe-harbe ne, shi daɗinsa kawai a kira shi gwani. Inna ta ce dukanmu aikin yi ne ba mu da shi. Wanda ba a taɓa zaton zai shigo sahunmu ba shi ne Baba, Malam Zakari, kuma ni na jawo shi da hannuna.

Baba da shanu ya tashi. Uwarsa Bafillatana ce, a wurin dangin uwa ya koyi kiwo, har ya tara garken da in ya nufi rijiya a kwarin Tarka sai an ba shi hanya. Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba. Ciyawa ta ƙare, dusa ta gagara, shanu suka riƙa kwanciya ba sa tashi. Wadda ta yi ƙarshe ita ce Saye, ja mai dogon ƙaho, wadda yake kira daga nesa ta amsa. Tun daga nan Baba ya koma zaman gindin aduwar ƙofar gida. Turken Saye na nan a tsakar gida ba kowa a kai. Ranar da Inna ta ce za ta cire shi ta hura wuta, kallo ɗaya ya yi mata ta bar zancen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba hanyar tashi aka rasa ba. A wajenmu akwai habbanaye: ka ba mutum karsana ya riƙe, ya sha nono, ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta dawo gidanka. Baba ya tayar da gidaje da yawa da wannan. Da abin ya faɗo kansa, mutane sun zo da igiya a hannu, har da amininsa Alhaji Ibrahim daga Gangara. Baba ya tarbe su, ya sa aka dama musu fura, ya raka su bakin hanya da karsanarsu. Hannunsa ya saba da miƙawa, karɓa ce ta gagare shi. Na yi fushi, na yi kuka, na ce masa wannan girman kai ne, ya ce ya ji. Tsorona a fili yake, kada Baba ya ƙare kwanansa a gindin aduwar nan yana kallon shanun mutane suna wucewa.

Wata ranar hutu ina zaune kusa da shi ina gwada wani wasan kiwo da Safiyanu ya zuba mini. Sunansa na Turanci ne, mu dai Ruga muke ce masa. Ana ba ka fili da rijiya da 'yan dabbobi, ka shayar, ka ciyar, su hayayyafa. Ni ya ishe ni tun ban je ko'ina ba, don ba gudu a ciki. Sai wata saniya ta yi kuka daga salular. Baba ya juyo, ya leƙa, ya ce wannan ƙishirwa take ji, me ya sa na bar ta. Na miƙa masa don in tsokane shi, ban sake ganin salulata ba sai da batiri ya mutu.

Tsohuwar salular Safiyanu muka gyara masa. Baba ba ya karanta boko, amma hotuna sun ishe shi. Yatsansa mai kauri ya riƙa danna abu biyu a tare, yana faɗa da allon kamar da mutum. Kafin a jima ya fi mu duka. Mu muna gaggawar sayar da maruƙa don mu hau mataki, shi ba ya sayar da mace ko ɗaya. Na tambaye shi me yake ji a ciki, ya ce a nan in ka kula da dabba tana nunawa, kuma ciyawa ba ta yaudarar mutum. Da wata jar saniya ta fito masa, wadda ta fi kowacce nono, ya sa na rubuta mata suna Saye. Inna ta ji sunan daga madafa, ta ci gaba da aikinta.

Safiyanu, da ya ga garken Baba ya fi na kowa, sai ya sa shi cikin ƙungiyarsu ta masu wasan, 'yan yankinmu na Damargu. Akwai na Tanut, akwai na Ollelewa, akwai waɗanda ba mu taɓa gani ido da ido ba, sai dai saƙon murya. Safiyanu ne shugaba, kuma shugabancin ya hau masa kai. Ana shirin gasa da wata ƙungiya ta Damagaram, za a haɗa nonon da shanun kowane ɓangare suka bayar a ga wa ya fi. Duk dogaronsu a kan Saye yake.

Ana cikin haka sai wani ɗan ƙungiya mai suna Shu'aibu ya turo murya. Magidanci ne, makiyayi a arewacin Tarka, Hausarsa da ɗan karin Fillanci. Ya ce salularsa ta faɗa rijiya yana jan guga, ya samu wata, amma garkensa na cikin wasa ya tafi duka, daga akuya ɗaya ya sake farawa. Safiyanu ya ce to sai haƙuri, za a cire shi a sa mai ƙarfi, in ya farfaɗo ya dawo.

Baba ya saurari muryar nan har sau biyu. Sannan ya miƙo mini salula ya ce in nuna masa inda ake tura dabba. Na nuna masa, ina zaton maraƙi zai ba shi. Saye ya zaɓa. Safiyanu ya taso har yana tuntuɓe da buta.

"Baba, wasan nan bai san aro ba fa. In ka danna ta tafi ke nan, ba mai dawo maka da ita."

"Wasan ne bai sani ba," in ji Baba. "Shi mutumin ya sani."

Ya danna. Ya sa na riƙe masa wurin magana, ya gaida Shu'aibu, ya jajanta masa, ya ce ga Saye nan habbanaye ce, ba ta son ruwan rana, a shayar da ita da sassafe. Ni na san a wasan ba ruwan saniya da safe ko rana.

Gasa ta zo, 'yan Damagaram suka cinye mu, suka bi mu da dariya a murya. Safiyanu ya kumbura, ya daina cin tuwo tare da Baba. 'Yan ƙungiya suka riƙa cewa tsoho ya ɗauki wasa gaskiya, wani ma ya ce a tura masa likitan dabbobi ya duba shanun salula. Wannan ta ƙona ni, na shiga na wanke shi tas, na tambaye shi ko ya taɓa riƙe igiyar akuya a rayuwarsa. Duk da haka, a raina ni ma ina ganin Baba ya yi wauta.

Abin ya ƙara muni da damina ta sauka. Shu'aibu ya yi godiya sau ɗaya, daga nan ɗif. Ba murya, ba alamar ya shiga wasa. Safiyanu ya ce ai ga irinta nan, ya sayar da ita ya hau mataki ya ƙara gaba. Baba ya ce mai shanu da damina arewa yake yi, can kuwa ba rezo, salula ba ta kamawa. Haka yake faɗa, amma ina ganinsa kullum da safe yana buɗe wasan, ya tsaya a kan wurin da Saye ke tsayawa, sannan ya shayar da sauran. Na ji tsoro sosai a lokacin. Na ce in mutumin nan ya ci amana, ni na jawo wa Baba rashin Saye karo na biyu.

Sai da aka fara yankan gero, rannan da hantsi muna shan fura, salular Baba ta yi kukan saniya. Ya duba, ya daɗe yana kallo, ya juyo mini da allon. Ga Saye tsaye a wurinta. Murya ta biyo baya, Shu'aibu na cewa sun sauko, ta haihu sau uku, 'ya'yan suna wurinsa, ga uwa ta dawo gida lafiya, Allah ya saka. Baba ya sa aka kira Safiyanu, ya sake kunna muryar a gabansa. Safiyanu ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma dama bai yanke ƙauna ba. Na ce ƙarya yake yi, kuma ya sani.

Na ɗauka magana ta ƙare nan. Ranar kasuwar Belbeji da la'asar sai aka yi sallama a ƙofar gida. Na leƙa na ga wani dogon mutum da rawani da sanda a kafaɗa, yana riƙe da igiyar wata jar karsana mai sheƙi. Da ya buɗe baki na gane muryar. Baba ya miƙe suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, aka shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Suka taɓa hirar damina da ciyawar arewa, suka koma ta wasan, Shu'aibu na cewa shi abin da yake so a ciki shi ne yana iya kiwo ko yana kwance, kuma ba kura. Duk hirar nan Baba bai kalli karsanar ba ko sau ɗaya, ni kuwa na san abin da ke zuwa.

Shu'aibu ya ce da ya ji sunan Saye ya yi tambaya a bakin rijiya, aka ba shi labarin Zakari mai Saye, da garkensa, da abin da ya same shi. Sai ya ɗauko igiyar ya ajiye a gaban Baba, ya ce habbanaye ce.

Fuskar Baba ta koma irin wadda Alhaji Ibrahim ya gani. Ya yi godiya mai tsawo, ya ce ya tsufa, ba shi da harawa, abin da ya yi kuwa wasan yara ne a salula, bai kai a ɗauko dabba mai rai a kansa ba. Na ji kamar in kurma ihu. Na juya zan shige gida don kada in yi rashin kunya gaban baƙo, sai na ji Shu'aibu ya yi magana a hankali.

"Baba, ranar da ka turo mini taka, duk ƙungiya tana ji, na karɓa ban ji kunya ba. Na ce babba ne ya ba ni, haka ake yi. In ka mayar mini da wannan, ka nuna mini ashe abin kunya na yi ke nan."

Inna na tsaye a bayan zana, Safiyanu ya fito da salula a hannu ya manta da ita. Karsanar ta miƙa wuya tana shinshinar tabarma. Baba ya dube ta a karon farko, daga ƙaho har kofato, irin kallon da na daɗe ban gani a idonsa ba.

"Mi sunan uwarta?" ya tambaya.

Shu'aibu ya faɗa masa, ya faɗi na kakarta, ya ce danginta ba su da rowar nono. Baba ya gyaɗa kai. Ya zaro salularsa daga aljihu ya miƙo mini.

"Riƙe mini wannan, ɗiyata, ki shayar da shanun ciki. Hannuna zai yi aiki."

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Ban taɓa jin alfahari da mutum kamar yadda na ji da Baba a wannan lokacin ba, har da duk shekarun da yake shi ne mai bayarwa. Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Ya ja ta ya shiga gida, ya girgiza turken Saye ya ji ko yana nan da ƙarfinsa, ya ɗaure ta da irin ƙullin da ya saba. Sannan ya ɗago ya ce da Safiyanu ya ajiye harbe-harben nan ya je ya samo harawa tun kasuwa ba ta watse ba.